Fitilar Goshin Huraira

Ranar Talata, ashirin da huɗu ga watan Mayu na shekarar dubu biyu da goma sha ɗaya, Malam Isyaku ya canja ƙwan fitilar matarsa. Aikin bai ɗauke shi minti ashirin ba. Huraira tana gidan suna a Darmanawa. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya gan shi.

Fitilar goshi ce, irin wadda ake ɗaurawa a ka da roba, ruwan toka, mai ƙwai ɗaya na LED, cikin na farko-farkon da suka shigo Kano a buhunan gwanjo. Haskenta ba shi da ƙarfi, kuma yana da ɗan ja-ja kamar na rana in ta kusa faɗuwa. Da ita Huraira take ɗinkin hula duk ranar da aka ɗauke wuta, wato kullum. Shekara shida tana ɗaura ta a kan ɗankwali, ba ta taɓa kuka da ita ba. Malam Isyaku ne ya yi kukan a madadinta. Ya yi shekara talatin a laburaren wata ma'aikata yana gadin littattafan da ba mai taɓa su sai shi da gara, don haka ya fito fansho da sanin abubuwa da yawa waɗanda ba wanda ya tambaye shi. Cikinsu har da ilimin haske. Ya kwance fitilar, ya cire tsohon ƙwan, wanda ya ƙone a bakin ƙarfen dalma tun kafin ya gama fita, ya liƙa sabo fari fat mai haske ninki uku, ya mayar da murfi, ya rataye ta a ƙusarta.

Bayan magariba Huraira ta ɗaura, ta ɗan runtse ido.

"Malam, yau fitilar nan ta yi kaifi."

"Sabon batir ne," in ji shi, ko ɗagowa daga littafi bai yi ba.

Nufinsa ya bar ta ta yi kwana uku tana yabon fitilar tukuna ya faɗa mata, don yabon ya taru ya karɓe shi a dunƙule.

A lokacin tana kan aikin gaggawa. Tun da sojoji suka koma bariki kasuwar hula ta buɗe a Kano, kawunan da ba a san da su ba suka fito ko'ina suna neman abin rufewa. Alhaji Garba, dillalin huluna a Gyadi-Gyadi, shi yake kawo mata aiki, kuma ba ya kawo mata sai wanda yake tsoron bai wa wata. Wannan karon kube ce ta wani da ya ci zaɓe, za a yi bikin rantsuwa ranar Lahadi. Zaren jinin kare aka zaɓa. Ranar Juma'a da daddare zaren da ta yanko ya ƙare mata saura kashi ɗaya cikin huɗu. Ta zura hannu a kwando, ta haska da sabon hasken mijinta, ta ɗauko wani curin da ta ga iri ɗaya ne, ta ƙarasa, ta naɗe hular a ƙyalle.

Safiyar Asabar Alhaji Garba ya kwance ƙyallen a bakin soro, cikin rana. Kashi uku na hular jinin kare, kashi ɗaya ruwan ƙasa. Ko daga tsallaken titi ana iya gani.

"Hajiya," in ji shi, "mutumin nan a jam'iyya ɗaya ya tsaya, kin yi masa hular jam'iyya biyu."

In aka bi tarihin mutumin, hular ba ta yi masa ƙarya ba. Amma ba wanda ya yi dariya. Huraira ta miƙo hannu daga bayan ƙofa ta karɓa, ta juya ta, ta sake juyawa. Sannan ta dubi mijinta, wanda ke zaune a kan tabarma a soron da jarida.

"Ido ne, Alhaji," ta ce. "Girma ya zo. A yi haƙuri."

Malam Isyaku ya juya shafi.

Ya san abin da ya faru tun kafin ta rufe baki. Ya taɓa karantawa cewa irin wannan farin hasken mai sanyi yana cinye ja, ya bar shi ya koma kamar ƙasa. Bai faɗa a lokacin ba saboda akwai baƙo. Da baƙon ya tafi bai faɗa ba saboda gidan ya yi shiru da yawa. Bayan mako guda kuma sai maganar ta tsufa, ta zama irin wadda in za a tayar da ita sai an yi bayanin dalilin da ya sa ba a tayar da ita tun farko ba.

Huraira ta rataye fitilar, ba ta ƙara ɗaukar allura ba. Wata rana ƙanwarta Hasana ta raka ta asibitin ido. Da ta dawo ya tambaye ta abin da likita ya ce.

"Ya ce tsufa ne." Tana kallonsa sosai da ta faɗa.

"Allah ya sawwaƙe," in ji Malam Isyaku.

Bayan wata goma sha huɗu ta faɗi a tsakar gida tana tsince shinkafa. Kafin la'asar an gama komai. Maƙwabta sun yaba masa ƙwarai da yadda ya daure.

Daga nan ya fara tara tocila.

A cikin shekara biyu ɗakin ajiyar gidansa na Tarauni, wanda ba shi da taga, ya cika da su. Ya kafa katakai a bango ya jera su kamar yadda ya saba jera littattafai, kowace da takarda a ɗaure a wuya: inda aka ƙera ta, shekarar da aka daina yin ta, abin da ya canja mata. Akwai na ƙarfe masu nauyi waɗanda in suka faɗo a ƙafa ƙafar ce ke zuwa asibiti. Akwai 'yan siraran da ake maƙalawa a aljihu, da fitilun goshi na masu hawan dutse a ƙasashen da mutane suka rasa wahala har sai sun biya an ba su. Duk tsofaffi ne, duk an daina yin su, kuma a ra'ayin Malam Isyaku an daina ne saboda sun ƙi lalacewa. Yana kwance su, ya goge tsatsa, ya canja musu ƙwai, ya faɗaɗa wurin batir. In maƙwabci ya kawo masa ta zamani, irin wadda aka liƙe da gam ba ko sukuri ɗaya a jikinta, sai ya juya ta sau ɗaya ya miƙa masa.

"Wannan ba gyara take so ba. Tun daga masana'anta bola aka nufa da ita, kai kawai ka tare ta a hanya."

Unguwa ta sa masa suna Malam Tocila. Wasu suka ce kewa ce, wasu suka ce karatun ne ya fara taɓa shi, dama an daɗe ana jira. Ba wanda ya san cewa duk tarin nan guda ɗaya yake nema: irin fitilar Huraira, mai tsohon ƙwanta wanda ba a taɓa ba. Yana so ya haska zaren nan guda biyu da ita. In tsohon hasken ma bai bambanta su ba, to ba laifinsa ba ne, ido ne da gaske, sai ya samu barci. Wato shekara biyu ya yi yana neman shaidar da za ta tabbatar masa cewa matarsa ta makance. Akwai mazan da suka yi wa matansu abin da ya fi wannan, amma ba da irin wannan ƙwazon ba.

Wata Asabar cikin damina waya ta same shi sau biyu kafin ya gama shan koko. Na farko Hasana ce.

"Malam, yau bayan la'asar zan zo ɗaukar kwandon zaren nan."

"Hasana, ki bari mana sai..."

"Sai bayan Sallah? Sallah huɗu ke nan. Ranar rabon gado a gabanka aka ce kwando nawa ne. Jikata ta fara koyon ɗinki, zare yana can yana ruɓewa a wurin mutumin da ko maɓalli bai iya ɗinkewa ba. Ka fito da shi tsakar gida kafin in zo."

Na biyu Bello ne, mai sayar da tarkacen lantarki na gwanjo a wani lungu bayan titin Zariya a Gyadi-Gyadi.

"Malam, wani buhu ya sauka jiya. Akwai wata mummuna a ciki, ruwan toka, robarta ta saki. Ina ganinta na ce wannan munin sai kai."

Malam Isyaku ya bar kokon. A cikin adaidaita sahu ya zauna yana kallon fastocin da aka fara mannawa a bango, ko da yake zaɓe saura wata da watanni. Fuskokin ya saba da su, alamar jam'iyyar kawai ke canjawa. Hulunan yake dubawa. Duk ɗinkin inji ne. Ya ji wani daɗi maras dalili.

Shagon Bello rumfa ce ta kwano, cike da rediyoyin da suka yi shiru da cajojin wayoyin da suka mutu tun mulkin da ya wuce. Bello kansa mutum ne mai tumbi da furfura a gemu, yana zaune a kan wata tsohuwar talabijin.

"Malam Tocila! Mai haska unguwa, gidansa duhu. Sannu da zuwa."

"Ina take?"

"Haba, ko gaisuwa? Ina gajiya, ina iyali..." Ya tsaya, ya gane abin da ya faɗa. "Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ina take?"

Bello ya zaro ta daga ƙarƙashin tebur. Ita ce. Ruwan toka, maɓalli a sama, murfin batir a gefe. Malam Isyaku ya sa hannu a aljihu, ya fito da gilashin ƙara girma. Sukurori huɗu, ba wanda bakin sukudireba ya taɓa. Ya leƙa ƙwan ta cikin gilashi. Na asali ne. Ya zura batiran da ya zo da su ya danna. Wani ɗan haske ja-ja ya faɗo a tafin hannunsa.

"Ka gani ko?" in ji Bello. "Kamar kyandir mai zazzaɓi. Wallahi ba don kai ba da tuni na jefa wa 'yan gwangwan."

"To ka faɗi abin da za ka faɗa."

"Ba sayarwa zan yi ba. Musaya." Bello ya nuna aljihun rigar Malam Isyaku da haɓa. "Baƙar nan."

Baƙar tocila ce ta ƙarfe, 'yar gajeriya, wadda Malam Isyaku ya yi wata uku yana aiki a kanta. Ya canja mata ƙwai, ya sa mata jan ƙarfe a ciki don kada ta yi zafi, ya goge madubinta da hannunsa. In ya haska daga ƙofar gidansa ana karanta lambar motar da ke ƙarshen layi. A duk ɗakin ita ce kawai yake nuna wa baƙi.

"Bello, ka san abin da kake nema kuwa?"

"Na sani mana. Shugaban 'yan sintirin Unguwa Uku ya gan ta a hannunka, tun ranar bai bar ni na huta ba. Kai kuma shekara biyu kana zuwa nan kana tambayata ruwan toka, ruwan toka. Ban yi karatu ba, Malam, amma ina da kunne."

"Da ka yi karatun da ƙasar nan ta shiga uku."

"Ai waɗanda suka yi ɗin sun wadatar."

Malam Isyaku ya ciro baƙar ya ajiye a kan tebur. Bello ya ɗan yi turus, don ya shirya wa ciniki na awa guda, har ya aika a kawo shayi.

"Haka kawai? Malam, me ke cikin abin nan? Zinariya?"

"Ƙwai," in ji Malam Isyaku, ya juya.

Ya yi azahar a masallacin layinsu, ya shiga gida. Hadari ya haɗu ta gabas, ba wuta kamar kullum. Ya shiga ɗakin ajiya, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Kwandon Huraira yana kusurwa inda yake tun ranar sadakar uku. Curin zaren guda biyu suna can sama, inda ta bar su. Ya ɗauko su ya ajiye gefe da gefe, ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma.

Ya fara da fitilar Huraira, mai ƙwan da ya sa da hannunsa. Farin haske ya cika tebur. Zare biyu, launi ɗaya, kamar tagwaye. Ya kai su bayansa ya cakuɗa, ya dawo da su, ya ƙura ido har hawaye ya taru. Bai iya cewa wannan ne ko wancan ba.

Ya kashe. Ya tsaya a cikin duhu ya fi minti guda, yana riƙe da ta wajen Bello. Sannan ya danna.

Ɗaya ja ne mai duhu, mai rai, kamar an yanka shi yanzu. Ɗayan ruwan ƙasa ne. Ko jaki aka shigo da shi zai bambanta.

Da yake mutum ne mai bin ƙa'idar bincike, bai yarda da gwaji ɗaya ba. Ya canja batir. Ya matsar da fitilar nesa, ya dawo da ita kusa. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya juya ƙyallen. Sau biyar ya maimaita, sau biyar zaren ya ba shi amsa ɗaya ba tare da ko kara ba. Sai ya ɗauko wata 'yar takarda, irin wadda yake ɗaura wa kowace tocila, ya riƙe biro a kanta. Bai san abin da zai rubuta a gurbin "abin da aka canja" ba.

Sallamar Hasana ta same shi a haka. Ya fito yana ƙifta ido. Tana tsaye a tsakar gida da lema a hannu, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, mai irin goshin yayarta da bakin da ya fi na yayarta sauri.

"Ina kwandon? Na ce ka fito da shi."

"Yana ciki. Hasana, akwai abin da nake so ki gani tukuna. Shigo ɗakin nan."

Ta leƙa ɗakin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni da girmana in shiga ɗaki mai duhu da kai, a rufe ƙofa? Malam, ashe abin da ake faɗa a unguwa gaskiya ne."

Ya ji kunya, don ko kusa abin bai zo masa a rai ba. Ya miƙa mata fitilun biyu.

"To shiga ke kaɗai. Ni ina nan waje. Akwai zare biyu a kan tebur. Ki fara kunna wannan, ta yayarki. Sannan wannan."

"Ikon Allah. Na zo ɗaukar gado an sa ni a makaranta."

Amma ta shiga, ta ja ƙofa. Malam Isyaku ya tsaya a waje, yana kallon katakon ƙofar. Ya ji ƙarar maɓalli.

"Me kika gani?"

"Tocila na gani, jama'a. La'ilaha illallahu. Duk wannan kai kaɗai?"

"Zaren, Hasana."

"Iri ɗaya ne."

"To kashe. Kunna ɗayar."

Maɓalli ya sake ƙara.

"Na gani," ta ce.

Ya share murya. Magana ta ƙofa ta fi sauƙi, da ya san haka tun da. Ya fara kamar mai karanta rahoto.

"Fitilar da kika fara kunnawa ba haka take ba da. Ni na canja mata ƙwai, ranar da ta je suna Darmanawa. Ban faɗa mata ba. Shi wannan farin hasken yana da wata ɗabi'a, ba ya fito da ja yadda ya kamata, saboda..."

"Ai ta sani."

Ruwa ya fara ɗiga a kan kwano, ɗaya-ɗaya.

"Me kika ce?"

"Na ce ta sani. Tun ranar Asabar ɗin. Alhaji Garba yana fita ta ɗauko fitilar ta kai rana. Ta ga tabon sukudireba a jikin sukurori, ta shinshina ta ji warin dalma. Shekara talatin da biyar tana wanke maka riguna, kana tsammani ba ta san warin ɓarnarka ba?"

"Amma asibiti... likita ya ce..."

"Ni na raka ta. Ni na matsa mata ma, don a lokacin ba ta gaya mini ba. Aka sa ta karanta allo, ta karanta har ƙananan nan na can ƙasa waɗanda shi kansa likitan sai da tabarau. Ya ce, Hajiya, ki ba ni aron idon nan. A hanyar dawowa ta ba ni labari."

"Ta ce mini tsufa ne."

"Ta buɗe maka ƙofa ce, Malam. Ta ce in ka ji ta ɗora wa kanta har da shaidar likita, ba za ka iya jurewa ba, za ka yi magana. Da na zo washegari na ce, yaya? Ta ce, ya ce Allah ya sawwaƙe."

Malam Isyaku ya dafa bango. Ruwan ya ƙaru, yana jiƙa masa kafaɗa ɗaya, bai matsa ba.

"To me ya sa ta daina ɗinki? In ta san idonta lafiya, ai da rana ma..."

"Na tambaye ta. Alhaji Garba sau uku yana aiko ni, har ya ce ya yafe maganar hular. Ta ce a gaban baƙo ta rufa maka asiri, wannan aikinta ne, ta yi. Saura naka. Ta ce ranar da ka buɗe baki ka faɗa da kanka, ranar za ta zura zare a allura, ko da tsakar rana ce ko da asuba. Na ce, Yaya, mutumin nan fa da littafi kawai yake magana. Ta ce yana da baki, ina ganin yana cin tuwo da shi."

Wata irin dariya ta kuɓuce masa, ba ta yi daɗin ji ba.

"Wata goma sha huɗu," ya ce.

"Ita ta ce ba za ka wuce mako biyu ba. Ka ga ita ma ba komai ta sani ba."

"Da ta rasu me ya hana ki faɗa mini?"

Ƙofa ta buɗe. Hasana ta fito da kwandon a kwankwaso, ta miƙa masa fitilunsa. Idonta ya yi ja, amma muryarta tana nan yadda take.

"Da ranta ta hana ni. Bayan ranta kuma me zai ƙara? Na ga ka samu abin yi."

Ta ajiye kwandon a ƙarƙashin rumfa, ta durƙusa, ta fara ɗaga curin zare tana ajiyewa gefe. Can ƙasa ta zaro wani farin yadi a naɗe, ta warware. Hula ce da aka yanka aka zana mata ado da biro, ba a fara ɗinki ba. Allura tana soke a gefe, ba zare a hancinta.

"Wannan ba ta cikin rabona. Awon kanka ne, babu mai irin wannan ƙaton kan a danginmu. Ta ce da ita za ta fara." Ta ɗora ta a kan fitilun da ke hannunsa. "Shekara biyu kwando yana ɗakinka, ka zagaye Kano kana bincike, ba ka taɓa duba ƙasansa ba?"

Ta mayar da zarenta, har da curin nan guda biyu, ta ɗora kwandon a ka, ta buɗe lema. A bakin soro ta tsaya.

"Ka ci abinci kuwa yau?"

"Na sha koko."

"Zan aiko da tuwo. Tunda bakin yana yin wannan."

Ta fita.

Malam Isyaku ya zauna a soro, a kan tabarmar da yake zama. Ruwa yana zuba a titi, masu adaidaita suna rige-rigen tsallake kwata. Can sai ya ji unguwa ta ɗauki ihu: an kawo wuta. Ƙwan soron ya kama, fari fat, ya haska bango da ƙusar fitilar Huraira da ba komai a jikinta. Ya miƙa hannu ya kashe.

Ya ɗaura ta wajen Bello a goshi. Robar ta saki, sai da ya riƙe ta da hannu ɗaya. Ɗan hasken ja-ja ya faɗi a kan farin yadin da ke cinyarsa. Zanen biron siriri ne, layi bai kauce wa layi ba ko sau ɗaya, aikin mai ido. Ya bi shi da yatsa har ya zagayo inda allurar take.

Ya karanta littattafai fiye da yadda zai iya tunawa, wasunsu sau biyu, har da waɗanda masu rubuta su ma ba su koma kansu ba. Ya ƙirga abin da aka jira daga gare shi, ya ga kalma shida ne. Ya juya fuska wajen ƙofar cikin gida, inda take tsayawa in an yi baƙo, hasken ya bi shi ya sauka a kan katako.

"Ba idonki ba ne. Ni ne."